Ranar da Hannun Inna Ya Saki Kitsona

Wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar, a gidanmu na Ƙofar Mazugal. Kaina na kan cinyar Inna tana yi mini kitso, ƙannena suna carafke a gindin rijiya, sai na ji gashina ya saki, tsinken ya faɗi ƙasa. Na ɗago na ga bakinta ya karkace, hannun dama ya zube kamar ba nata ba, tana son magana amma ta ƙi fita. Na ruga zaure ina ihu, maza duk sun tafi masallaci. Kafin in dawo da maƙwabciyarmu, bakin ya koma daidai, har ta ɗauki tsinkenta.

Ni ce 'yar fari, Inna kuma Bafulatana. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta nuna rauni a gabana. Ta ce wa maƙwabciyar, "Jiri ne kawai. Yarinyar nan akwai baki." Baba ya dawo ya tarar tana daka, na riƙe masa riga ina kuka a kai ta asibiti. Ya dubi taɓaryar, ya ce, "Wannan ce mara lafiyar? Wuce ki ɗebo ruwa." Na ruga wurin Goggo, ta ce iska ce ta gifta, aka yi hayaƙi, aka toya waina sadaka. Na daina fita gaɗa. Ko wanke-wanke nake, idona na kan bakin Inna. Abin ya sake zuwa tana tankaɗe, ta haɗa ni da Allah in yi shiru. Ban yi shirun ba, amma wa zai saurare ni? Kafin lokacin kaka, Inna ta faɗi a madafa, ɓarin jikin bai ƙara tashi ba.

Sai da na girma wani likita ya fahimtar da ni cewa gudan jini ne kan taso daga zuciya ko jijiyar wuya, ko ƙaramar jijiya ta tsuke, jini ya ɗan yanke wa ƙwaƙwalwa sannan ya dawo. Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi, kuma gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki.

Yau ina dillancin atamfa, ina da motata. Bara da bakin wata abokiyar cinikina ya karkace, ban nemi shawarar kowa ba, na rufe shago na kai ta asibiti, ga ta nan da ƙafafunta. Inna kuwa ba asibiti ta rasa ba, wanda zai yarda da 'yarta ta rasa.