Allurar Yini Ɗaya

Ina da cikin fari wata bakwai likitar awo ta ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jinina. Ta aika ni analiz, wato gwajin jini, ta ce ba ƙwayar kanta za a duba ba, abin da ke cikinta za a ƙirga, wani siririn zare mai suna ADN wanda da shi take haifar 'yan'uwanta. Ni da nake ɗinki a Maourey, zare ne sana'ata, amma wallahi ranar kalmar ta tsinka mini gaba.

Sakamako ya fito, nawa yana da yawa. Ta ba ni magani, ta riƙe hannuna ta ce, "Madam, ki ji da kyau. Jaririn nan a yi masa allura kafin ya cika yini ɗaya a duniya, wato awa ashirin da huɗu. In aka wuce, zai iya ɗauka."

To, ga al'ada. Haihuwar fari gidan iyaye ake komawa, sai aka kai ni Saga wurin Inna. Kuma wace marar kunya ce za ta zauna gaban uwarta tana zancen ɗan fari? Kullum in ce gobe zan faɗa. Mijina direba ne, yana hanyar Agadas. Tsoro yana ta cina kamar gara.

Naƙuda ta zo da safe, kafin a nemo mota na sauka a ɗaki. Jini ya zuba sosai, ban ƙara sanin inda nake ba. Da na farfaɗo har an kwana, ana ta dafa ruwan wanka.

Na yi ihu, "Inna, ku ba ni ɗana! Likita za mu!"

Mata suka riƙe baki. Wata gwaggona ta ce, "Ɗanki? A gabanmu? Kai, yaran zamani!" Ban ko dube ta ba. Inna ta kalli fuskata sau ɗaya, ta yafa mayafi ta fita neman taksi.

A likita wata malamar asibiti ta zuƙi allura, ta tsira masa a cinya, ya tsala kuka. Sannan ta ɗauki biro.

"Ƙarfe nawa aka haife shi jiya?"

Na dubi Inna. Ta ce, "Hantsi dai ya ɗaga."

"Hajiya, ƙarfe nawa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura, kuma babu wanda ya duba agogo jiya.