Takalman Zailani a Bakin Ƙofa

Zailani Muntasir maƙwabcina ne a Samaru, katanga ɗaya ta raba mu. Ya karanta aikin gona a jami'a, ya fito da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya yi aure. Daga nan ya shiga shekarun yawo da fayil a hammata.

Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko gaisuwa ya shigo yi, da ya durƙusa ya miƙe sai ka ga yana duba waya, ƙafa ɗaya na rawa. Da safe yana Bomo yana renon tumatir da masara a gonar aro, da rana yana Sabon Gari yana bin allunan da ake liƙa sanarwar aiki, da yamma yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Duk aikin da aka tallata sai ya nema, ko ya dace da karatunsa ko bai dace ba. Ana kuwa kiransa intabiyu, don takardunsa ba su da aibu. A ɗakin tambayoyi ne abin yake lalacewa.

A wani banki aka tambaye shi inda yake ganin kansa nan da shekara biyar. Ya ce Allah kaɗai Ya san wanda zai kai gobe. A wata makarantar kuɗi a Dogarawa suka ce don me za su ɗauke shi su bar sauran. Ya ce gaskiya waɗanda ke zaune a waje ma sun cancanta, akwai ma wani mai iyali da yawa da ya fi shi buƙata. Wani asibiti na neman mai kula da sito, suka ce ya faɗi abin da ya ƙware a kai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana dai taɓawa."

Ban ga laifinsa ba. Haka aka rene shi: ba a kallon babba a ido, kuma mutum ba ya yabon kansa da bakinsa. A zamaninmu wannan ba ya hana kowa aiki. Ranar da aka ɗauke ni koyarwa a makarantar mishan, shugaban ya miƙo mini alli ya ce in rubuta layi ɗaya a allo, ya duba farcena da wuyan rigata, shi ke nan. Wasu ne ke faɗin halinka, kai kana tsaye shiru. Yanzu an ce kowa ya zama maroƙin kansa.

A daminar bara abin ya kai maƙura. Abokinsa Okechukwu, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya samo masa tsaron shago wurin yayansa a Fatakwal. Zailani ya ce sau ɗaya ya rage ya gwada: wani kamfanin irin shuka na neman jami'in da zai riƙa zagaya manoma. In ya faɗi, sai tasha. Matarsa Nana Hafsat ta shigo gidana, 'yarsu goye a baya.

"Baba Shekari, har ya ɗaure jaka," in ji ta. "In ya tafi, sai dai yarinyar nan ta san shi a waya. Don Allah ka buɗe masa baki."

Na fito da tebur baranda, na sa tabarau, na zama kwamiti.

"Malam Zailani, gaya mana ko kai wane ne."

"Haba Baba, ai ka san ni."

"Ban taɓa ganinka ba. Ɗago kanka, simintin nan ba shi zai ba ka aiki ba."

Ya ɗago, ya yi dariya, ya sake sunkuyawa. Sai na sauya tambaya. Na ce manomi ya kawo masa masara, ganyenta duk huji, me zai yi? Nan take ya miƙe, yana zagaya barandar, yana bayanin tsutsar da ke ɓuya can cikin tsakiyar ganye, da lokacin da ya kamata a yi feshi, da yadda ya taimaki mutanen Bomo da ita. In ka tambaye shi masara, bakinsa ba ya tsayawa. In ka tambaye shi Zailani, sai ya mutu a tsaye.

"To wannan da ka faɗa yanzu, shi za ka faɗa musu," na ce. "Ka sa 'na yi' a gaba kawai. Ba yabo ba ne, shaida ce."

Muka yi ta maimaitawa har ya iya kallona a ido ba tare da ya yi gumi ba.

Abin da ya faru ranar intabiyun, daga bakinsa na ji, na kuma ji daga Madam Winifred, jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kamfanin, wadda muke coci ɗaya. Ya shiga da kwat da laktaye, kai a sama yadda na koya masa. Mutum uku ne a teburin: manaja Mista Adebayo, da Madam Winifred, da wani dattijo mai farin gemu. Dattijon nan Alhaji Umar Farouk ne, tsohon malamin gona, mahaifin Nana Hafsat. Da safen nan aka roƙe shi ya maye gurbin wani da bai samu zuwa ba. Tun da aka ɗaura aure Zailani bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya hango shi a hanya, lungu yake shigewa.

Zailani ya ja da baya, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya dawo ya zube a ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya? Ya mutanen gida?"

Mista Adebayo ya zaci jiri ne ya ɗebe shi, ya ce a kawo ruwa. Alhaji kuwa shi ma kunyar ta kama shi, fankar sama yake kallo yana amsa gaisuwa. Can ya gyara hula ya ce, "Wannan yaron gidana ne. Ba zan sa masa maki ba." Ya tashi ya fita.

Sai dai ofishin ƙarami ne, kuma bencin da ya zauna a kai a waje a ƙarƙashin taga yake, tagar kuma a buɗe. Ana jin tarin Alhaji, ana ganin saman hularsa.

"Tashi ka zauna a kujera," in ji Madam Winifred. "Don me za mu ɗauke ka mu bar sauran?"

Ya zauna a gefen kujerar, safa a ƙafa. Ya dubi hular, ya dubi ƙofa. Ya ce mini a lokacin ba abin da ya tsaya masa a rai sai jakar nan da ke jingine a bayan ƙofar ɗakinsa.

"Bara tsutsa ta shiga masara a Bomo," ya ce. "Ni na gane ta da wuri. Na bi manoma gona gona, na nuna musu. Suna jin maganata don ina shiga cikin kunyoyin gona tare da su. Na iya aikin nan."

Tarin ya tsaya. Zailani ya ci gaba, suka yi ta tambaya yana amsawa. Da aka gama, ya tambayi Madam Winifred a hankali ko akwai ƙofar baya. Ta nan ya fita, ya tare ɗan acaɓa, ya dawo Samaru da safa, ya wuce ƙofar gidana a guje ko kallona bai yi ba.

Washegari Nana Hafsat ta je gaishe da mahaifinta. Ya nuna mata wata leda a gefen tabarma, takalman na ciki.

"Ki kai wa mutumin gidanki," in ji shi. "Ashe yana da baki."

A makon ne kamfanin ya kira shi. Nana Hafsat ta kwance jakar da kanta, ta mayar da kayan cikin akwati. Yanzu Zailani na da babur na kamfani, kuma har yau ba ya zama. In ka ji ƙararsa a Samaru da safe, kafin azahar yana wani ƙauye. Ran nan ina tsaye a bakin hanya na ga Alhaji tafe daga masallaci, na ga babur ya yi kwana ya faɗa lungu.