Sai An Gama Kaka

Yayana ya shigo Maiduguri da buhu ɗaya, da butar alwala, da fartanyar da ya ƙi yarwa a hanya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara goma sha biyu. Ni na bar ƙauye tun ina saurayi, na yi tallan batirin tocila, na koma kayan janareta, har Allah ya nufa na buɗe shagon farantan sola da manyan batura a Hausari. Shi kuwa bai taɓa kwana bakwai a jere nesa da gonarsa ba, sai da mutanen daji suka tashi ƙauyenmu. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa duk mata ne suna ɗakunansu. Na ba shi ɗakin bakin ƙofa a gidana na Galtimari.

Shekaru ya yi a ɗakin nan. An zagaye gari da rami, hanyoyi a buɗe su da safe a rufe kafin yamma. Manoman da ke ƙetare ramin, wasu su dawo, wasu sai dai labari. Yaya bai rasa ci ba, bai rasa sutura ba, amma duk Juma'a sai ya fito da fartanyar nan ya wasa ta, ya mayar bayan ƙofa. Da na ga zaman yana cin sa, sai na riƙa ɗaukarsa a keke mai ƙafa uku muna tafiya shago tare.

Shagona ba ya rabo da wuta, tunda ita nake sayarwa. Akwai talabijin a can ciki, ranakun Asabar da Lahadi maƙwabta sukan taru kallon ƙwallon Ingila. Wanda ba ya fashi shi ne wani malamin firamare, Kirista daga kudancin Borno, kowa Ticha yake ce masa. Ticha ba ya jin Kanuri, don haka in yana nan galibi Hausa muke yi. Hausar Yaya kuwa ta kasuwar ƙauye ce: ta ishe shi ciniki da faɗa, amma sai ya ce wa mace "ya zo", ya ce wa rago "ta ƙoshi". Ƙwallo bai dame shi ba. Baya yake juya wa talabijin, ya zuba wa titi ido.

Wata Asabar cikin watan Satumba ya faɗa mini da Kanuri cewa an fara mayar da mutane garin da ke kusa da ƙauyenmu, akwai sojoji a can, shi ma mako mai zuwa zai tafi ya ga gida. Na yi lallashi, na yi faɗa, na lissafa masa waɗanda suka fita ba su dawo ba. Ya ce ai duk ya halarci zaman makokinsu, ba sai na tuna masa ba.

Ni dillali ne. Na san ciniki ba ya lalacewa sai in kalma ta ƙare. Na dubi talabijin, na dubi Ticha, sai na juya harshe zuwa Hausa.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ka yi mini alkawari ba za ka ƙetare rami ba sai an gama kakar nan."

Ina faɗa ina dafa saman talabijin, kamar mai goge ƙura.

"Kaka?" Ya ƙirga a yatsu. "Wata biyu, in ta yi nisa uku. Na yi."

"Ticha, ka ji?"

"Na ji da kunnena," in ji Ticha, idonsa na kan wasa.

Da Kanuri ba zan iya wannan ba, don kalmar lokacin girbi a wurinmu fuska ɗaya gare ta. A Hausa kuwa masu labarin wasanni a rediyo sun ari kaka sun laƙaba wa shekarar ƙwallo, wadda ke farawa a Agusta ba ta ƙarewa sai Mayu. Yaya bai san da wannan ba. Ni na sani, na kuma san tun da aka haife shi bai taɓa yin magana biyu ba.

Farkon Disamba, sabon wake ya cika kasuwa, gero ya shiga rumbu. Ya zo shago da buhunsa a ɗaure ya ce in raka shi tasha. Na jawo teburin gasa a waya na ajiye masa a gwiwa.

"Yaya, ko rabi ba a yi ba."

"Rabin me?"

Na yi masa bayani a hankali. Ƙungiya ashirin ne. Kowace sai ta kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawa. Wasa talatin da takwas ke nan kowace, kuma yanzu ake kan na goma sha biyar. Ya saurara har na kai aya, sannan ya juya wajen Ticha.

"Malam, kai mai tsoron Allah ne. Wace kaka wannan ɓarawon ya ce?"

Ticha ya sosa ƙeya. "Baba, ni dai na ga hannunsa a kan talabijin."

"Hannunsa! Tun yana yaro hannunsa a kan abin mutane yake."

Aka fashe da dariya, ban da shi. Ya ɗauki buhu ya hau keke ya koma Galtimari. Kwana tara bai yi mini magana ba, ko gaisuwar safe sai dai ya ɗaga kai. Amma bai tafi ba. Liman ya gaya masa zai iya warwarewa tunda da dabara aka karɓa. Ya ce shi bakinsa ne ya faɗa, ba bakin liman ba.

Rana ta goma ya shigo shago ya juya kujerarsa ta fuskanci talabijin. Ya ce tunda an cuce shi sau ɗaya, da kansa zai tsare kakar nan, kada a ƙara mata tsawo a bayan idonsa. Ya samo kwalin batir, ya zana layuka talatin da takwas da gawayi, ya soke waɗanda suka wuce.

Daga nan Ticha ya shiga uku da tambaya. Wanda ya ci maki uku, canjaras kowa ɗaya, wanda aka doke ya tashi hannu rabbana. Wannan Yaya ya ce adalci ne. Na saman teburi su ne za su je gasar zakarun Turai baɗi. Wannan bai dame shi ba, ya ce masu abu a kullum su ake gayyata biki. Da aka zo kan ukun ƙarshe ne ya gyara zama.

"Su kuma fa?"

"Korarsu ake yi, Baba. Su faɗa ajin 'yan dagaji, wasu uku su hau."

"In an kore su, ina suke kwana?"

"A gidansu mana. Filinsu na nan, ba dai a nuna su a talabijin ne."

"To ai ba a kore su ba," in ji Yaya. "Ba ku san kora ba."

Ranar ya zaɓi ƙungiyar da ke ta biyun ƙarshe ya ce ita ce tasa. Ticha, mai goyon bayan wata babba ta saman teburi, ya samu abin tsokana. Duk Asabar sai ya shigo da sallama yana cewa, "Baba, yaya masu jinya? Sun ɗan sha kunu?" Yaya ya ce, "Suna nan, sun ce a gaida masu kuɗin da ba sa cin kofi."

Watan Janairu ya kusa haɗa mu faɗa. Ya zo da gawayinsa zai soke layi, aka ce masa wasan yau ba ya cikin lissafi, na kofi ne. Ya miƙe tsaye ya ce ga shi nan, dillali ya fara ƙara kaya a buhu. Sai da Ticha ya rantse masa da abin da yake bautawa cewa ba ni na shirya ba: tsohuwar gasa ce da ake haɗa manya da ƙanana ta hanyar ƙuri'a, wanda aka doke ya fita, babu gobe. Ranar wata ƙungiyar ƙauye, filinta bai fi na makarantar Ticha ba, ta riƙe wata babba har kusan tashi. Yaya ya manta da fushi, yana ta yi musu addu'a da Kanuri. Bayan makonni kuma aka ɗage wasan ƙungiyarsa saboda abokiyar karawarta tana da na kofi, ya zama kwantai. Layin nan da bai soku ba ya tsaya masa a rai, kullum sai ya tambaya ko an sa rana.

Wasannin Turai bayan isha'i ake yi, shi kuma ba ya wuce isha'i, don haka da safe yake karɓar labari. Abin da ya fi burge shi, in an kai zagayen fitar da gwani, ba a yanke wa kowa hukunci da wasa ɗaya. Sai an je gidan wannan, an zo gidan wancan, sannan a haɗa ƙwallaye. Ticha ya ce da can in an yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan wani shi ke wucewa, har mutane na cewa ƙwallon waje biyu ce, amma yanzu an soke dokar.

"Sun kyauta," in ji Yaya, yana kallona. "Abin da mutum ya tara a gidan wani ba ya zama biyu."

Na yi kamar ina duba wani batir.

Ni ma fa ba sakewa na yi ba. Da can kallo nake don nishaɗi, yanzu kowace Asabar ji nake ana yanke mini igiya zare-zare. Na daina zuwa Kano sarin kaya da kaina, don kada in dawo in tarar ya canza shawara. Shi yana tsare kaka, ni ina tsare shi, kwali yana tsare mu duka.

Ranar ƙarshe Lahadi ce cikin Mayu, zafi kamar a gasa gurasa a kan benci. Wasanni goma duk a lokaci ɗaya ake farawa, don kada wani ya san sakamakon wani ya yi maguɗi. Muka yi la'asar a gurguje. Ƙungiyar Yaya canjaras kawai take nema ta tsira, aka zura mata ɗaya saura 'yan mintuna, ta faɗa. Ticha ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar tsohon, ya rufe. Yaya ya soke layi na talatin da takwas.

Na ce, "Yaya, ai da saura. Wasan ƙarshe na Turai—"

"Asabar mai zuwa," ya tare ni. "A garin da ba gidan kowa ba, kamar nan. Akwai kuma na 'yan dagaji, huɗun da ke neman gurbi na uku, su ma saura wasa ɗaya. Na sa su duka." Ya juya kwalin, ga layuka biyu a bayansa. "Bayan su ba ka da wasa, dillali. Na tambayi Malam, na tambayi mai shayi, na tambayi rediyo."

A cikin makon nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sannan na gane abin da na yi wa kaina. Duk wayona ban taɓa ɗora kalandar Turawa a kan tamu ba. Da na bar shi ya tafi a Disamba, rani zai tarar, da gida ba rufi, da rijiya a cushe. Wataƙila ya kwana biyu ya dawo. Sai na riƙe shi wata tara na sake shi daidai bakin damina, lokacin da babu mai iya raba manomi da ƙasa. A Disamba buhun tufafi ya ɗaure. Yanzu har da irin gero da na wake.

Na raka shi tasha da hantsi, bayan an buɗe hanya. Na ɗaura masa ƙaramin farantin sola da rediyo a kan kayansa, bai ce a'a ba. Tun daga gida Kanuri muke yi: wa zai gaisar, wane magani zai riƙa sha, kada ya wuce inda sojoji suka ce. Sai da ya zauna a mota, fartanya tsakanin ƙafafunsa, ya leƙo ta taga ya juya harshe zuwa Hausa.

"Zan dawo in an gama kaka."

"Wacce, Yaya?"

Ya dafa gefen rediyon, ko kuwa buhun iri ne, don a jingine suke da juna, ban iya rarrabewa ba. Direba ya ja mota.

Yakan kira in ya hau tudun da ake samun sabis. Ya ce gero ya yi, wake ne tsutsa ta taɓa. Yakan tambayi ƙungiyarsa, in ce tana ta biyar a ajin 'yan dagaji, ya ce ba laifi, suna gida. Girbi ya wuce tun watanni uku, ɗakin bakin ƙofa yana nan a share. Ban tambaye shi yaushe zai dawo ba, don na san amsar da zai ba ni ita ce tawa: ba a gama kaka ba. Na samo sabon kwali. Ticha ne ke miƙo mini gawayi, kuma ya daina tsokana. Jiya na soke na ashirin da bakwai.