Inna Zuwaira da Labulen Ɗakin Amarya

Kullum da hantsi, in ta sha kununta, Inna Zuwaira takan rataya jakarta ta fita. Ba komai a ciki sai almakashi, gwangwanin gam, tsumma da wata tsohuwar kwalba. Shekara ashirin da shida ke nan tana shiga gidajen cikin birnin Daura, inda namiji ba ya wuce zaure, tana gyaran ledar ɗaki da labulen roba, irin mai naɗewa sama in an ja igiya. Yanzu ido ya fara gajiya, ta ce bana za ta ajiye jakar. Irinta ba a kiran su taro a miƙa musu lambar yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga aikinta guda, yadda Kubura ta ba ni da bakinta.

Ranar jeren Khairat, 'yar yayarta, Kubura ce jagorar 'yan jere. Uwar amarya ta shekara huɗu tana tara kayan ɗakin da sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma labulen tagar falo, ruwan toka mai ratsin zinariya, shi ta fi ji da shi. Daga Kano aka kawo shi, har dangin ango sun ji labarinsa. Wajen shigar da kabad kusurwa ta kama shi, ya tsage kusan kamu guda. Kubura tela ce, sai ta yi abin da hannunta ya saba, ta ɗauko zare da allura. Ashe roba ba atamfa ba ce. Duk inda allura ta huda, sai tsagar ta bi hudar ta ƙara gaba.

Azahar ta wuce. Bayan la'asar dangin ango za su zo ganin ɗaki, a gabansu Hajiya Rauda, yayar ango, wadda idonta ba ya tsallake ko cokali. Kubura ta san abin da za a ce: gwanjo aka sayo wa yarinya. Gori ne da zai bi Khairat har ta yi jikoki. Nan take ta aika a kira Inna Zuwaira.

Inna ta dubi ɗinkin, ta dubi Kubura. "'Yar nan, wa ya aike ki da allura?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sauke labulen, ta warware shi har ƙarshe, ta yanko ƙyalle daga saman da ke naɗe a jikin ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Ta zare zaren, ta goge, ta shafa gam a ƙyallen da bayan tsagar. Daga nan ta zauna ta naɗe hannu.

"Inna, don Allah ki manna, an kira salla."

"Gam sai ya sha iska. In na manna shi ɗanye, a hannun Hajiya zai buɗe."

Ta tashi ta yi sallarta a natse. Kubura kuwa ta ce har yau ba ta san raka'a nawa ta yi ba.

Ana jin tsayuwar motoci a ƙofar gida Inna ta haɗa bakin tsagar, ratsi ya sami ratsi, ta murje da kwalba. Ta ce a turara ɗakin don a kashe warin gam. Ta rataye labulen, ta tura jakarta cikin hijabi, ta koma gefe kamar 'yar biki.

Hajiya Rauda ta buɗe kabad, ta taɓa katifa, sannan ta kama igiyar labule. Ya hau. Ya sauko. Kubura ta fara sauke numfashi ke nan, Hajiya ta waiwaya ta gane tsohuwar.

"Inna Zuwaira, me ya lalace a ɗakin amarya?"

Inna ta ce, "Duba da kyau, Hajiya. In kin ga abin da ya lalace, ai ga ni."

Hajiya ta duba har ta gaji, ta ce Allah ya sanya alheri.

Ke ce, Inna, mai rufa asirin da ba naki ba. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma tona ba. Gida nawa kika shiga kika ga ɓaraka, kika fito bakinki a rufe? Mun gode, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira. 'Yan mata, ku je ku koyi aikin nan tun tana iya nunawa, ku haɗa da riƙon bakinta, don shi ya fi wuyar koyo.

Shekara bakwai uwar Khairat tana alfahari da ɗakin 'yarta, tana haɗuwa da Inna a biki da suna su gaisa su wuce. Sai jiya Kubura ta gaya mata abin da ya faru da labulen. Uwar ta yafa mayafi tana kuka, ta nufi gidan Inna.