Mu'allim Lahsan da Gangaren Bab Taza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mu'allim Lahsan Bakkali, bakaniken tashar tasi ta garin Shafshawan, a haɗarin mota a gangaren Bab Taza. Ƙanena Mufaddal ne ke tuƙa motar. Shi ya rayu.

Mu'allim, shekara arba'in kana gyara mana tsofaffin motocin nan, ban taɓa ganin ka fara da sufana ba. Mota na tsayawa sai ka ɗora bayan hannunka a kan tayoyin baya, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi zafi ita ce mai laifi. Idan ka ciro takalman birki ka ga ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa da sauran kauri, ba ka yarda a sauya shi kawai a tafi. Sai ka gano dalili: ko fistan da ke tura takalmin ya cije da tsatsa, ko wayar birkin hannu ba ta saki. Direba nawa ka hana lodi ranar kasuwa, suka zage ka, ka bi su da shayin na'ana'a.

Mako biyu kafin rasuwarka, ina tsaye a garejinka ka nuna wa Mufaddal takalmin hagu, ya zama kamar takarda.

"Ɗan'uwa, fistan ne ya cije. Bar min ita kwana biyu."

"Haba Baba Lahsan, kai ko sabuwa aka kawo maka sai ka samo mata ciwo. Gobe fa kasuwa ce."

"To ka gaya wa fasinjanka su zo da likkafani."

Muka yi dariya, har da ni. Mufaddal ya je wani wuri aka sa masa sabon takalmi ɗaya. Na sani, ban ce masa komai ba.

Da motar ta fara ja gefe, wurinka ya dawo. Ba ka yi masa gori ba. Al'adarka ce ba ka yanke hukunci kan birki sai ka shiga motar an gangara da kai, ka ji da jikinka. Ka shiga gaba. A kwana ta huɗu man birkin ya tafasa saboda zafi, Mufaddal ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Yau yana kwance a asibiti, ya juya fuska ga bango. Garejin a rufe yake. Motoci kuwa ba su fasa gangarowa cike da mutane ba, kuma ban san wanda zai tsayar da su ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba matarka Lalla Rahma da 'ya'yanku haƙuri. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanku don ta'aziyya ina komawa, na kasa ƙwanƙwasawa. Shi ya sa na rubuta. Ku yafe mana, idan za ku iya.