Farar Ƙwaya ta Goggo, Rawaya ta Saratu

Shekara goma sha biyu ke nan, amma har yau idan ruwa ya daki kwanon rufi, warin jiƙaƙƙen gawayi ya taso, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Nkembo, ranar da aka fita da gawar Goggo Rabi. Ƙanwar mahaifina ce, mai tuyar masa a bakin kasuwar Mont-Bouët, kuma ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Na so in rubuta mata kalamai masu laushi irin waɗanda ake yi wa mamaci. Da na zauna, sai na tarar har yanzu haushinta nake ji.

Lokacin ba a daɗe da karya darajar sefa ba. Mun kwanta maganin faramasi yana da tsada, muka tashi ya fi ƙarfin kowa. Goggo kuwa ta riga ta san abin da ke cin jikinta: sida, wato cutar ƙanjamau, wadda ta ɗauke mijinta, wadda a gidanmu ba a kiran sunanta, sai dai a ce "ciwon nan". Ana haka labari ya zo cewa wani asibiti yana gwajin haɗa magani biyu, a ga ko sun fi ɗaya aiki, ko kuwa haɗin zai yi illa. Kyauta ne, amma ga baƙi irinmu sai mai takardar zama. Goggo tana da ita.

Ni na raka ta, don ni ce 'yar lakwal, wato makarantar boko, mai jin Faransanci. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwar mace mai haƙuri, ta ajiye ƙwaya biyu a tebur, fara da rawaya. Ta ce farar magani ce a hannun kowa. Rawayar kuwa, ta wasu magani ce, ta wasu kama ce kawai, babu komai a ciki, kuma sai an gama gwajin za a san abin da kowa ya sha. Sharaɗi ɗaya ta yi ta nanatawa: a sha su tare, kada a ba kowa.

"Likitan ma bai sani ba?" in ji Goggo. "To ni da shi, wa ya zo wurin wa?"

A ɗakin da ke kallon namu akwai Saratu, tela, Kirista daga Najeriya, aminiyar Goggo. Ciwonsu ɗaya. Takardarta ta mutu, sabuntawa ta gagara, ga zandarmomi sun fara tsayar da taksi suna sauke baƙi. Ko bakin titi ta daina leƙawa, balle asibiti. Matan nan biyu kwano ɗaya suke ci tun kafin in yi wayo. Goggo ba ta taɓa kai loma baki a gaban mutum ba tare da ta ce masa bismilla ba, kuma ba ta ga abin da ya raba magani da tuwo ba.

Wata safiya na same su a tabarma, kofin ruwa a tsakaninsu. Goggo ta haɗiye farar, ta miƙa rawayar.

"Goggo! An ce kada a ba kowa!"

"Saratu ce kowa?"

"Rabi, yarinyar nan ta fi ki gaskiya, karɓi abinki," in ji Saratu.

"Ke rufe mini baki ki haɗiye, kafin in ɗura miki kamar ɗan akuya."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce cutar tana sabawa da magani ɗaya, shi ya sa ake haɗa mata biyu. Na ce ƙullun masa ma ba ya tashi da shinkafa kaɗai. Ta dube ni ta ce, "Yau ni za a koya wa masa?" Na kai ƙararta wurin ma'aikaciyar jinya, aka yi mata faɗa, ta sunkuyar da kai ta ce to. Daga ranar sai ta riƙa jira in tafi lakwal.

Ƙarshe Saratu ta fita sayen zare, ba ta dawo ba. Muka ji an cusa ta a jirgin ruwa tare da sauran baƙin da aka kora, kuma labarinta na ƙarshe ke nan. Allah Ya yafe mini, na ɗan ji sanyi, na ce yanzu Goggo za ta sha nata cikakke. Ina! Sai ta samu gwangwanin madara tana tara rawayar, tana cigiyar matafiyin da zai kai wa Saratu. Goggo ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Damina ba ta fita ba ta rasu, gwangwanin yana ƙarƙashin matashinta.

Yau magani uku ake dunƙulewa a ƙwaya ɗaya. Ina ganin mata a kasuwa masu wannan ciwo, sun yi ƙiba, suna aurar da 'ya'ya. Na san an kai nan ne ta kan mutanen da suka miƙa jikinsu aka gwada, kuma ban raina masu gwajin ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda takarda ta yanke wadda za ta shiga da wadda za ta tsaya a waje, alhali cutar ba ta tambayi kowa takarda ba. Nakan ce da Goggo ta ga ƙwayar yau, da ta rasa yadda za ta raba. Sai kuma in yi dariya ni kaɗai. Reza za ta sa a sayo mata.

Me ya rage mini daga gare ta? Tandar masarta, da hannun da ba ya iya rufuwa. Nakan kama kaina ina gutsura burodi biyu ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Ban sani ba ko gado ne ko ciwo.

Bara, a wani bikin suna a unguwar Cocotiers, na haɗu da ma'aikaciyar jinyar nan, ta yi furfura. Ba ta manta Goggo ba, ta ce ba ta taɓa yi wa majinyaci faɗa kamar yadda ta yi mata ba, shi ya sa da aka gama gwajin takardar Goggo ta fara dubawa. Ta riƙe hannuna ta faɗa mini. Rawayar Goggo, wadda na yi shekaru ina cewa rashin shanta ne ya kashe ta, wadda ta hana kanta don Saratu ta rayu, babu komai a cikinta.