Tarwaɗar Armaya'u a Gidan Inno

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Batsari ya san Armaya'u. Gadon fawa ya yi, kuma wuƙa na jin hannunsa. Da ɓarayin daji suka addabi yankin Ruma, shanu suka yi wuyar samu, sai ya rage yanka, ya gina tafkin siminti a bayan gidansa ya zuba tarwaɗa. Abokan sana'arsa suka naɗa shi Sarkin Fawan Ruwa don tsokana, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

A sakatariyar Safana nake aiki, amma a Batsari nake kwana, katanga ɗaya ta raba mu da shi, don haka a kan idona aka yi komai. Babban burinsa shi ne ya ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi da kansa, domin masu kiwo a yankinmu sai sun yi doguwar tafiya suke sayowa, da yawa su mutu a hanya. Ya ware manyan mata da maza ya raine su sama da shekara, har cikin matan ya cika da ƙwai. Babbarsu, wadda ta kusa kai tsawon hannun mutum, Hajiya yake ce mata. In ya fara ba ka labarinta sai shayinka ya huce.

Ana gab da ƙyanƙyasar, a damunar bara, tafkin ya tsage, ruwa ya fara zurarewa. Dole a kwashe kifin kafin a yi gyara. Ya ari manyan durom na roba, ya kai su gidan goggonsa Inno, saboda tana da inuwar darbejiya kuma rijiyar burtsatse na ƙofar gidanta. Inno matar malami ce, mijinta ya rasu, amma har yau gidanta bai rabu da baƙi ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya fita da yunwa ba.

A gabana ya yi mata bayani. Ya ce kifi a ruwan da yake sha yake kashi da fitsari. A tafki mai faɗi abin ba ya damunsa, amma a durom ƙazantar da ragowar abinci kan ruɓe su zama guba mai zarni da ake kira amoniya, wadda ke ƙona wa kifi wurin numfashi. Maganinta shi ne a riƙa sauya ruwa, kuma kada a ba su abinci ko ƙwara ɗaya sai sun koma gida. Inno ta ce to, tana kallon kifin, ba shi ba.

Ranar kasuwar Safana ya je neman magini, da la'asar ya goyo ni a babur muka dawo, yana ta lissafa mini garuruwan da za su zo sayen 'ya'yan Hajiya. Tun daga zauren Inno zarni ya tare mu. Ruwan ya yi fari kamar ƙullun koko, kifin duk sun taso sama sun tsaya a tsaye suna buɗe baki. Hajiya ta kwanta ta gefe ɗaya. Ga dusa da ɓarɓashin tuwo suna yawo a kan ruwan.

Inno ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tun safe suke ɗago kai suna kallonta, ta ga ba za ta iya ba.

"A gidan nan ko akuyar maƙwabta ta shigo sai ta lashi wani abu. Ni zan ci in ƙoshi, baƙi na kallona?"

Armaya'u bai tsaya musu ba. Ya ce a nemo duk abin da ke riƙe ruwa, a raba kifin su sami sarari. Inno ta leƙa ta katanga ta yi magana, kafin ka ce kwabo gidan ya cika. Matan unguwa suka fito da baho da manyan robobin wanki, wata har da tukunyar biki. 'Yan garuwa suka yi layi daga rijiya zuwa tsakar gida. Tayyib, mahaucin da ya fi kowa tsokanarsa, ya naɗe wando yana kwasar ruwa, yana cewa yau ga fadawa sun zo ceton fada. Ni ma na tuɓe rigar ofis na kama bokiti.

Armaya'u ya hana a zubar da ruwan gaba ɗaya, don kada sanyin sabon ya bugi kifin. Rabi ake kwashewa a cika da sabo, a dakata, a sake, yana barbaɗa ɗan gishiri. Ƙaramar tarwaɗa mace ɗaya ta mutu a hannunsa. Ya ajiye ta gefe, ya koma kan Hajiya, wadda ke cikin tukunyar biki ita kaɗai. Muna tsaye a kanta ta miƙe, ta kaɗa wutsiya ta watsa wa Tayyib ruwa a fuska. Mata suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Saura matsala ɗaya, domin gyaran tafki bai ƙare ba, kuma ga Inno da kwanon dusa a ɗaki. Armaya'u ya durƙusa a gabanta.

"Inno, baƙin nan naki fa azumi suke yi."

Ta dube shi, sannan ta yi dariya.

"Ɗan nan, ai da haka ka ce tun farko. Wa ke tura wa mai azumi kwano?"

Daga ranar ita ta zama mai gadi. Ko kaza ta matso kusa da durom sai ta sha tsawa.

Hajiya ta ba da ƙwai fiye da yadda ya yi zato. Yanzu daga Wagini har Safana ana zuwa da jarkoki a bayan babur sayen 'ya'yan kifi a wurin Armaya'u, kuma duk wanda ya saya sai ya ji huɗubar amoniya kafin ya tafi.

Ranar da aka mayar da kifin gyararren tafki, Inno ta biyo su har gida da mayafinta. Armaya'u ya cika mata tafin hannu da abincin kifi. Ta yi bisimilla ta watsa, ruwan ya hautsine.

"To, a sha ruwa lafiya," in ji ta. Ta sake miƙo hannu a ƙara mata.